Zuwa ga Yaya, kan maganar kwale-kwalen nan

Southampton, Ingila

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau muke, sai dai gidan ya zama kango, don jiya da hantsi aka rufe kwantenarmu aka buga mata hatimi, mota ta ja ta zuwa tashar jiragen ruwa. Kwale-kwalen yana ciki.

Na san ba haka ka so ba. Ranar da muka yi waya ka ce in sayar da shi, in na isa Niyu Zilan in nemi wani, tunda wata goma kawai wurin aiki suka tura ni. Ban ba ka amsar kirki ba a lokacin, shi ya sa na zauna in rubuto, don waya ba ta barin mutum ya kai ƙarshen zance. In dai lissafin kuɗi ne, gaskiyarka. Abin da zan kashe wajen kai shi da dawo da shi ya fi abin da wani zai ba ni in na sa shi a kasuwa. Kuma Auckland gari ne da ake yi wa kirari da birnin jiragen iska, ba za a rasa na sayarwa ko na haya ba. Duk na auna wannan.

Amma ka tuna yadda nake a shekaruna na farko a ƙasar nan. Daga aiki sai ɗaki, daga ɗaki sai aiki, rana ta faɗi tun kafin ƙarfe huɗu a cikin sanyi, ni da yaron wajena ba ma haɗa magana biyar a yini. A wannan halin wani dattijo da muke aiki tare ya nuna mini wannan kwale-kwale a bayan gidansa, an lulluɓe shi da tamfol, katakon gindinsa ya ruɓe. Hunturu biyu muka yi ni da yaron muna kankara, muna canja katako, muna shafa fenti. A cikin wannan gyaran yaron ya fara ba ni labarin makarantarsu da abin da ke damunsa. Ranar da muka fara sa shi a ruwa, shi ya riƙe akala, ni na riƙe igiya. Yanzu zan ɗauke shi daga abokansa in kai shi ƙarshen duniya yana ɗan shekara goma sha huɗu. Na ga ya kamata a ce akwai abu ɗaya a can da hannunsa ya riga ya sani. Dalilina ke nan, Yaya, ba ni da wani.

Tunda ba ka taɓa ganinsa ba sai a hoto, bari in kwatanta maka. Irin wanda ake kira Wayfarer ne, wani Bature mai suna Ian Proctor ya zana shi a 1957. Tsawonsa mita 4.8, faɗinsa bai kai mita 2 ba, ba shi da ɗaki, ba shi da inji. Doguwar sanda ce a tsaye a tsakiyarsa, a ɗaura mata ƙyalle biyu, iska ta tura. Ana yabonsa da rashin saurin kifewa, har wani mai suna Frank Dye ya taɓa tuƙa irinsa daga Sukotland zuwa Aisland a 1963. Kada ka karanta wa Inna wannan layin. Mu ba ma yin nisa da gaɓa, kuma ba na nufin farawa.

Sandar nan ce ta fara ba ni wahala. Ƙaramar kwantena, wadda ake ce wa mai ƙafa 20, tsawon cikinta mita 5.9 ne, ƙofarta kuwa ta ɗan haura mita 2.3. Na auna jikin kwale-kwalen, na ga zai shiga har da saura, na yi murna. Kamfanin farko da na tuntuɓa su ma ba su tambaye ni komai ba, suka aiko da farashi. Sai da yaron ya ɗauko ma'auni ya shimfiɗa a kan sandar muka ga ta haura mita 6 da rabi. Wani ya ba ni shawara in yanke ta biyu, in an isa a zura mata bututu a ciki a haɗa. Ana yin haka, amma zuciyata ba ta kwanta ba, don duk ƙarfin iska a kan sandar yake sauka. Akwai kuma jiragen da ake tura motoci cikinsu da ƙafafunsu, ana iya sa kwale-kwale a kan amalankensa a tura shi, sai dai a buɗe zai yi tafiyar, duk wanda ya gifta zai iya taɓa shi. A ƙarshe muka ɗauki babbar kwantena mai ƙafa 40, wadda cikinta ya kai mita 12. Wurin aiki suka biya rabon kayan gida, ni na cika sauran. Kayan gida suna can ƙurya, an yi musu shinge, kwale-kwalen yana bakin ƙofa don in ma'aikata sun buɗe su fara cin karo da shi, sandar kuma an naɗe ta da tsofaffin barguna an ɗaure ta a jikin bango.

Amalanken da nake jan shi da mota na bar shi nan, don a can sai an yi masa rajista an duba lafiyarsa kafin ya hau titi. Ƙaramin na hannu, wanda ake gangarar da shi cikin ruwa, shi kaɗai na saka.

Maganar kwastan ita ce wadda na fi so ka fahimta, don kai ka ce za su tatse ni. Ƙa'idar ita ce duk kayan da suka shiga ƙasa ana biya musu haraji, a Niyu Zilan kuwa harajin kaya kashi 15 cikin ɗari ne. Amma akwai ƙofa ga abin da ya shigo baƙunta zai koma. Hanya ɗaya ita ce wani kundi da ake kira ATA Carnet, wanda tun yarjejeniyar 1961 ƙasashe da yawa suke karɓa. Kamar fasfo ne na kaya: ƙungiyar 'yan kasuwa ta ƙasar da ka fito ce ke bayarwa, a buga masa hatimi wajen fita da wajen shiga. Aibinsa a wurina shi ne shekara ɗaya tak yake yi daga ranar da aka bayar. Ka haɗa wata goma na zama da kusan wata biyu na tafiya a teku, ka ga shekarar ta ƙare tun kwale-kwalen bai kama hanyar dawowa ba. Don haka ejan ɗin da na ɗauka a can ya bi mini ɗaya hanyar. Za a rubuta shi a matsayin kayan wucin gadi, in ajiye kuɗin harajin jingina a hannun kwastan, ranar da ya fita ƙasar a mayar mini da abina. Sharaɗin shi ne ba zan sayar ba, ba zan ba da haya ba, kuma ba zan wuce wa'adi ba. A nan Ingila ma na adana takardun fitarsa, don kayan da suka fita suka dawo cikin shekara 3 yadda suke ana iya yafe musu haraji, muddin kana da shaida. Na ɗauki hoton lambar da ke jikinsa da wadda ke kan ƙyallen, na haɗa da rasiɗin da dattijon ya rubuta mini da hannunsa. Wannan 'yar takarda da na kusa zubarwa, ita kowa ke tambaya yanzu.

Abin da ban zata ba shi ne wanki. Mutanen Niyu Zilan ba sa wasa da abin da zai shigo musu da ƙwaro ko tsiro ko ƙasa. Tsibirai ne da suka daɗe a ware, kuma sun sha wuya: a 2004 aka gano wani gansakuka baƙo a kogunan tsibirinsu na kudu, yana shimfiɗuwa a kan duwatsu kamar jiƙaƙƙiyar takarda, har yau ba su rabu da shi ba. Tun daga nan duk abin da ya taɓa ruwan wata ƙasa, ido suke sa masa. Kwana uku muka yi ni da yaron muna wankewa. Akwai wani siririn rami a tsakiyar cikin kwale-kwalen, kamar kube, inda allon da ke hana shi zamewa gefe yake shiga. A nan muka tarar da laka da ƙananan katantanwa da ban san suna ciki ba. Muka zare tayoyin amalanken muka goge, muka wanke anga da sarƙarta, igiyoyi kuma muka jiƙa su a ruwan daɗi muka shanya har suka bushe ƙayau. In suka buɗe suka ga datti, su za su wanke ko su yi feshi, kai ka biya, kwantena kuma tana zaune a tasha ana ƙirga maka kuɗin kwana. Da farko na ji haushin abin. Da na ga abin da ya fito daga ramin nan sai na ce suna da gaskiya, ni ma da ƙasata ce haka zan yi.

Har katakon da ake tokare kaya da shi yana da doka. Na yanka wasu guntaye da na samu a bayan gida don su tallafi gindin kwale-kwalen, masu lodi suka ce ba za su shiga ba. Dole sai katakon da aka gasa har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na tsawon minti 30, an buga masa tambari mai kama da zangarniyar alkama. Muka sayo wani. Sun kuma fitar da wutar neman agaji, wadda ake harbawa sama in an shiga hatsari, don tana cikin kayan da ke iya tashi da gobara. Sai mun je can mu sayi sababbi.

Abin da ke hana ni barci yanzu zafi ne da gumi. Kwantena akwatin ƙarfe ce, za ta ratsa tsakiyar duniya inda rana ke dukan ta, dare ya yi ta huce, raɓa ta taru a rufin tana ɗiga a kan kaya. Katako kuwa yana numfashi, yana kumbura yana tsukewa. Na buɗe duk murafen jikinsa don iska ta zaga, na rataya jakunkunan da ke shanye laima, na kuma roƙi masu ɗauri kada su ja igiya da ƙarfi har ta danne gefensa. Na tsaya a kansu har suka gama. Wanda ya saba ɗaure injin wanki bai san inda kwale-kwale yake da ƙarfi da inda yake da rauni ba, kuma ba laifinsa ba ne, sai mai abu ya nuna masa.

Na yi inshora, ban tsaya jayayya ba. Abin da ya sa shi ne wata tsohuwar dokar teku da ejan ya bayyana mini. In jirgi ya shiga hatsari aka yi asara ko aka kashe kuɗi don a cece shi, to duk mai kaya a ciki sai ya ba da rabonsa, ko da nasa kayan ko ƙwarzane bai yi ba, kuma ba za a sakar maka kwantena ba sai ka ba da lamuni. Haka aka yi wa masu kaya a jirgin nan Ever Given da ya toshe mashigin Suwez a watan Maris na 2021. Mai inshora, kamfaninsa ne ke tsaya masa.

Sun ce mako bakwai zuwa takwas, amma kada in riƙe ranar da ƙarfi. Tun ƙarshen 2023 jirage da yawa sun daina bi ta Bahar Maliya, suna zagayawa ta kudancin Afirka, ga shi kuma ana iya sauke kwantena a wata tasha ta jira wani jirgin. Mu za mu tashi nan da mako biyar, ke nan za mu riga shi isa. Abin daɗin shi ne a nan lokacin da ake janye jirage daga ruwa ne saboda sanyi, a can kuwa Disamba da Janairu su ne tsakiyar zafi. Yaron ya riga ya buga taswirar gaɓar Hauraki, wato tekun da ke gaban Auckland, ya manna a bangon ɗakinsa, ita kaɗai ta rage a bangon. Ya gano cewa alamun shiga tasha iri ɗaya ne da na nan, ja a hagu kore a dama, ba kamar Amurka da suke a juye ba. Ya kuma ce mini in shirya, rana a can ta arewa take bi da tsakar rana.

Yaya, ga roƙona. Na san tsoron Inna ruwa ne, ba kuɗi ba. Ka zauna da ita ka gaya mata da bakinka, don ta fi jin taka. Ba ma shiga sai da rigar da ke hana nutsewa, ni da shi. Ba ma fita sai na duba hasashen iska, in ta yi ƙarfi a gida muke yini. A can ma ƙungiyar masu jirage za mu shiga, inda akwai jirgin ceto mai inji da ke bin mutane, kuma makonnin farko ba za mu fita mu kaɗai ba sai da wanda ya san ruwan wurin. Jikanta ya iya iyo, an kuma koya masa yadda ake tayar da kwale-kwale in ya kife. Na yi mata alkawarin wannan, kai ne shaida.

In mun isa za mu riga ku ganin safiya da awa goma sha biyu, don haka kiran da na saba yi da yamma zai koma da asubarku, ka gaya mata kada ta firgita in ta ji waya a lokacin. Na tura maka lambar kwantenar a saƙo, in ka sa ta a shafin kamfanin a intanet za ka ga inda jirgin ya kai. Ka nuna wa yara su riƙa bin sa.

Maman yara tana gaishe ku, tana gaida Inna da kyau. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Ƙaninka.