A bar tagogi a buɗe ko da a hunturu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in ja hankalin jama'ar Damagaram kan yadda muke toshe tagogi da zarar hunturu ya kama. Ƙwayoyin cutar mura, korona da ƙyanda suna fita ne cikin ɗigon numfashi ƙanana ƙwarai idan mai ciwo ya yi tari, ko magana ma kawai, kuma a rufaffen ɗaki sukan yi ta yawo har wani ya shaƙa. Ta ƙyanda takan kai awa 2 a iska bayan mai ciwon ya fita. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa korona na yaɗuwa ta wannan hanya.

Azuzuwan makarantu, inda yara ke cunkushe tun safe, sun fi damuna. Panka, wadda da yawa suka dogara da ita, juya tsohuwar iskar kawai take yi idan babu mafita. Ƙura uzuri ce, amma ko ɗan buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna yana rage haɗarin. Ina roƙon malamai da limamai daga Birni har Zango su kula da wannan.

Wani mai karatu,
Zinder