Kalmar "sas" ta Indiyawa ba 'yar'uwar "suruka" ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi tsokaci kan wata magana da ke yawo tsakanin masu kallon finafinan Indiya a nan Gombe, wai "sas" da "sasur" da Indiyawa ke kiran iyayen miji ko na mata da su, tushensu ɗaya da "suruka" da "suruki" na Hausa. Wannan zato ne kawai, domin tarihin kalmar a rubuce yake.

"Sas" ta Hindi ta samo asali daga "sāsū" ta Firakirit, wato rukunin harsunan da jama'ar Indiya suka yi magana da su a da, irin waɗanda Sarki Ashoka ya sa aka sassaƙa umarninsa da su a kan duwatsu a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tsohuwar sigarta a Sanskirit, tsohon harshen adabin Indiya, kuwa ita ce "śvaśrū". Firakirit ba ya son baƙaƙe mabambanta su yi cunkoso, don haka "śv" ta farko ta koma "s", "śr" ta tsakiya ta koma "ss", kamar yadda barci ke komawa bacci a bakinmu. Da haka aka sami "sassū", daga baya aka sauƙaƙa baƙin aka ja wasalin da ke gabansa. Ƙa'idar nan ta "śv" zuwa "s" ce ta mayar da "śvaśura", wato suruki, ta zama "sasura".

A nahawun Firakirit, "sāsū" suna ne jinsin mace mai ƙarewa da dogon wasali, kuma ƙarshensa yana sauyawa gwargwadon aikinsa a jimla: "sāsuṃ" idan aiki ya faɗa kanta, "sāsūe" wajen mallaka, "sāsūo" a jam'i. Matar ɗa kuma sunanta daban, "vahū", alhali mu da kalma guda, suruka, muke kiran su biyun.

'Yan'uwan "sāsū" na haƙiƙa su ne "socrus" ta Latin da "svekrov" ta Rashanci. Hausa kuwa daga dangin harsunan Cadi take, tare da Tangale da Bolanci da Teranci da ake ji kullum a kasuwanninmu. Ina kira ga ɗaliban harshe na jami'o'in Gombe da Bauchi da su tattara sunayen surukuta na waɗannan harsuna daga bakin dattawa, domin a can ya dace a nemi asalin "suruka".

Naku,
Wani malamin makaranta,
Jekadafari, Gombe.