Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sakatariyar Ilimi Bridget Phillipson Kan Yaran Da Suka Yi Shiru A Aji

Ranki ya daɗe,

Ina gaishe ki da aiki. Ni uwa ce, Bahaushiya mazauniyar arewacin Ingila, kuma nakan yi wa iyaye sababbin zuwa tafinta idan makaranta ta kira su. Kukana a kan yaran da ke shigowa ƙasar nan ba Turanci a bakinsu ne, su zauna a aji su yi gum wata da watanni, ma'aikatarki kuwa ba ta san ko su nawa ne ba.

Kin fi ni sanin yadda aka yi. A 2016 aka umarci makarantun Ingila su riƙa auna ƙwarewar Turancin irin waɗannan yara a mataki biyar, tun daga wanda ko gaisuwa bai iya ba har wanda ya goge, su aika wa gwamnati. A 2018 aka soke. Ba gwamnatinku ce ta soke ba, amma tun Yulin 2024 kike kan kujerar, abin bai dawo ba. Wales da Scotland ba su daina nasu ba.

Yau abin da rajista ke nunawa kawai shi ne Turanci ba harshen farko na yaro ba ne. Yara sama da miliyan 1.7, kusan ɗaya cikin biyar, duk a layi guda: wanda aka haifa a Leeds yake gyara wa iyayensa lafazi, da wanda ya sauka makon jiya daga Kano ko Darfur. In an haɗa sakamakonsu sai a ga komai ya yi kyau. Tamkar likita ne ya haɗa zafin jikin mai lafiya da na mai zazzaɓi ya raba biyu, ya sallami kowa.

Shirun kansa ba ciwo ba ne. Masana koyon harshe sun daɗe da sanin cewa yaro yakan yi watanni yana saurare kafin bakinsa ya buɗe. Na san wata yarinya 'yar shekara bakwai da aka kira uwarta a kanta, wai ba ta magana, wataƙila ƙwaƙwalwarta ce. A aji sai dai ta gyaɗa kai, ta saci kallon ta kusa da ita, in an buɗe littafi ta buɗe, in an miƙe ta miƙe. Ranar da fitsari ya matse ta ba ta san yadda za ta nemi izini ba, ta yi shi a zaune, kunya ta ƙara rufe mata baki. Da na je gidansu sai na tarar ta jera 'yan tsananta a kan kafet tana kiran sunayensu da Turanci, da muryar malamarta sak. Ashe duk abin da ake faɗa tana kwashewa.

Malamarta ba muguwa ba ce. Yara talatin ne a gabanta, ba a ba ta ma'auni ba, ba a koya mata ba. Sai ta ajiye yarinyar a teburin baya da fensir mai launi. Wani malamin kuma tilasta wa yaro zai yi ya tashi ya yi karatu a gaban aji, a yi masa dariya, ya ƙara ƙulewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cikin masu shirun akwai wanda kunnensa ne ba ya ji sosai, akwai wanda tsoro ne ya ɗaure masa harshe har yake buƙatar ƙwararre, akwai wanda ya ga yaƙi da idonsa. In ba a bin ci gaban Turancinsu mataki mataki, ta yaya za a bambance su da wanda lokaci kawai yake nema?

Ga kuma maganar kuɗi. Tun 2011 aka narkar da tallafin da aka keɓe wa yaran ƙananan ƙabilu cikin babbar jakar makarantu. Wanda ake bayarwa yanzu shekara 3 ne kacal, kuma makaranta na iya kashe shi a wani abin daban. Binciken Farfesa Steve Strand na Jami'ar Oxford kuwa ya nuna yawancin yaran da suka fara daga tushe sai sun haura shekara 6 kafin su ƙware. Wato ana janye hannu a tsakiyar hanya.

Ranki ya daɗe, ke kika tsaya kika ce ba za ki yarda asalin yaro ya yanke masa makoma ba. Kin sha faɗin cewa ke ma a gidan haya na ƙaramar hukuma kika tashi, makaranta ce ta ɗaga ki. Don Allah ki dubi waɗannan ma. Iyayensu da yawa su ne ke kwana a gidajen kula da tsofaffi suna yi wa ƙasar nan hidima, kuma ba su san ƙofar da za su buga ba.

Kun yi alƙawarin sababbin malamai 6,500. A koya musu yadda za su kula da irin waɗannan yara tun a kwaleji. A daina ce wa iyaye su bar yi wa 'ya'yansu Hausa ko Larabci a gida. A samar da tafinta, kada a sa yaro ya fassara wa uwarsa ƙorafin da ake yi a kansa.

Amma ki fara da mai sauƙin: ki dawo da ma'aunin nan mai mataki biyar cikin ƙidayar makarantu ta gaba.

Taki,
Wata uwa daga arewacin Ingila