Sanarwa kan gyaran Fijo 504 ta Baba

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan kowa ya tashi lafiya.

Maganar motar marigayi Baba ce, Allah ya jiƙansa. An dai tsaya a kan ba za a sayar ba, gyara ta za mu yi a garejin gida, to ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar kowa ya hallara.

Bakanike ya zo ya duba, ya ce injin bai cije ba Alhamdulillah, amma kabireta ta toshe da tsohon fetur, lagireto na yoyo, birki babu, tayu huɗun nan duk sun tsattsage, ga ɓeraye sun cinye wayoyin ƙarƙashin sitiyari sun yi gida a kujerar baya. Bodi kam lafiya lau sai ɗan tsatsa a ƙasan ƙofofi, ai haɗin Kaduna ce, kamfanin Fijo na Kakuri da ya fara aiki 1975, ƙarfen lokacin ba wasa ba.

Kowane magidanci dubu 20, mata dubu 10, ɗalibai ku kawo ƙarfinku wajen wanki da goge tsatsa. A tura wa Yaya Babba kafin Juma'a, a sa shaidar biya a nan. Kawu zai shiga kasuwar Panteka neman kayan gyara, mun fi son na asali ko da tsoho ne.

Don Allah kar wanda ya sa batir ya ce zai gwada tada ta kafin a juye baƙin mai. Maganar fenti kuma a bari sai mun haɗu, ni dai farinta na asali nake so.

Allah ya bar zumunci, na gode.