Wasiƙa ga Yaya daga Townsville

Townsville, Ostireliya
9 ga Maris, 2025

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ibada, ya iyali, ya ƙafar Inna? Na kira ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci, don na san a lokacin kuna sahur, amma ba a ɗaga ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, tunda maganar ta fi ƙarfin saƙon murya.

Na turo naira miliyan 1 da dubu 200 ta asusunka. Dubu 900 na rijiya ne. Dubu 200 na maganin Inna da kayan buɗa-baki, sauran a ɗinka wa yara kayan Sallah. Auta kuwa kada a ba shi ko sisi sai ya kawo rasidin rajistar makaranta ka gani da idonka. Kuɗin da na turo masa a Disamba waya ya saya, na sani, don da ita yake ɗora hotuna.

To, maganar rijiya. An ce mini Kawu ya riga ya nuna wa masu haƙa wuri a bayan madafi, wai don mata su huta da tafiya. Yaya, don girman Allah a dakata. Tsakanin wurin nan da masai bai kai taku goma ba. Ƙasarmu ta Haɗejia yashi ce, ruwa kuma ba ya nisa, duk abin da ya shiga ramin masai yana tsiyaya ya bi ta ƙarƙashi. A haƙa ta gabas, kusa da darbejiyar Baba, a bar aƙalla mita 30 tsakani. A sa kwalbati har ƙasa, a ɗaga bakinta, a yi mata murfi. Kuma a bari rani ya ƙara nisa kafin a kammala zurfinta. Kai ma ka sha jin Baba, Allah ya jiƙansa, yana cewa rijiyar da aka gama da wuri ita ce mai kunyata mahaƙinta a bazara. Ka lallaɓa Kawu, kada ka ce ni na faɗa, ka san halinsa.

Na ji kuma abin da Gwaggo take yaɗawa, wai murjani nake tonowa a teku ina sayar wa Larabawa, na yi kuɗi na ɓoye. Dariya na fara yi, daga baya kuma abin ya yi mini ciwo. Ka karanta wa Inna wannan ɓangaren a hankali.

Sunan dai ɗaya ne, murjanin da muke karantawa a Suratur Rahman. Amma wanda muke aiki a kansa ba irin jan da ake yi wa amare tsakiya da shi ba ne. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu rai da suke gina wa kansu gida na dutse a ƙarƙashin ruwa, wani a kan wani, shekaru dubbai, har ginin ya zama tsauni. Wanda ke gaban garin nan tsawonsa ya kai kilomita 2,300, babu kamarsa a duniya. Hukuma ce ke gadinsa. Ko ɗan guntu ba na isa in ɓalla ba sai da takardar izini, balle in kai kasuwa.

Ni ma ba murjanin ne ainihin aikina ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa nake bi, kamar yadda na fara tun ina karatu a Zariya, da shekarun da na yi ina bin motar masu haƙa burtsatse ƙauye-ƙauye. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne ruwan nan ba ya tsayawa a inda rijiya ta same shi. Tafiya yake yi a hankali, idan ya iso gaɓa sai ya ɓulɓulo a cikin teku ta ƙasan yashi, ba mai gani. Akwai wuraren da yake fitowa kamar idon ruwa, can nesa da gaɓa, ta tsofaffin hanyoyin koguna da teku ya binne. Masuntan nan sun san ramukan tun kafin masu bincike, don a nan komarsu ke maƙalewa, a nan kuma kifi ke taruwa.

Za ka ce ta yaya ake gane shi alhali duk ruwa ne? Akwai wata iska da ake kira radon, duwatsu da ƙasa ne ke fitar da ita, ta cika ruwan rijiya amma ba ta da yawa a ruwan teku. Ba ta kuma daɗewa, kafin kwana huɗu rabinta ya ɓace. Saboda haka muna jan ruwa da famfo daga cikin jirgi muna aunawa, inda na'ura ta nuna ta yi yawa mun san ruwan ƙasa ne ya fito ba da jimawa ba. Wani lokaci in ina zaune dare ya raba ina gadin na'urar, sai in tuna Baba yana ɗanɗana laka a bakin rami. Aikinsa nake yi, Yaya, jirgi kawai aka ƙara mini.

Dalilin damuwar kuwa taki ne. Kudu da mu, wajen Ayr, a bakin kogin Burdekin, gonakin rake ne iya ganinka. Abin da rake bai sha ba na takin zamani yana nutsewa, ya daɗe a ƙasa, wani sai bayan shekaru masu yawa yake fitowa a teku. Can sai ya ciyar da gansakuka, ruwa ya dagule, murjani ya rasa haske. Wani bincike da aka fitar a 2023 ya nuna abin da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙasa ya fi wanda koguna ke kawowa. Ga kuma zafi. In ruwa ya ɗara yadda ya saba da digiri ɗaya kacal na wasu makonni, murjani sai ya kori 'yan tsiron da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, ya koma fari fat. An yi haka a 2016, 2017, 2020, 2022, aka sake a 2024. Na bara da idona na gani. Wurin da na sani da launi kala-kala ya koma kamar an watsa ƙasusuwa. Shugabar aikinmu, wadda ta fi shekara 20 tana nutso a nan, ranar ba ta ci abincin dare ba.

Ita ce matar da kuka gani a hoton jirgi. Ta kusa sa'ar Inna, tana da jikoki. A gaya wa masu magana su huta. Baƙar rigar nan mai kama jiki kuma ba gayu ba ne, daga Nuwamba zuwa Mayu akwai wata halitta a ruwan nan mai harbi da dafi, ba a shiga sai an rufe jiki.

Ambaliyar da kuka gani a labarai watan jiya gaskiya ce, har gada ta karye a hanyar Ingham. Mu dai da sauƙi. Ruwa ya ɗan shigo ɗakina, katifa da wasu littattafai suka jiƙe, shi ke nan. Na koma wajen wani abokin aiki na kwana biyu. Kada a gaya wa Inna. Aiki ma ya ƙaru, don sai mun bi ruwan ambaliyar mun ga inda ya kai. Azumi a cikin jirgi da wannan gumi sai a hankali, amma ana yi.

Sallar bana ma ba zan samu zuwa ba. Kwantiragina zai ƙare a Disamba, irin aikinmu haka yake, shekara biyu ko uku sai ka sake neman kuɗin bincike. Na rubuta takardar nema, ina jira. In na taso yanzu, kuɗin jirgi kaɗai ya cinye rijiyar. Na san abin da za a ce. An faɗa lokacin rasuwar Baba, ina tsibiri babu waya, sai bayan kwana uku na ji. Har yau in na tuna ba na iya barci. Ana kirana Dakta a nan, ana gayyata ta in yi bayani a kan ruwa, gidanmu kuwa yara na bin 'yan garuwa. Shi ya sa nake so rijiyar nan ta yi kyau.

Ka gai da Inna, ka ce ta riƙa shan maganin bayan buɗa-baki, ba sai ƙafar ta motsa ba. Ka gai da Anti da yara, da Kawu, har da Gwaggo. In ana samun mai zuwa, a ajiye mini kuka da daddawa, ko da yake a filin jirgin nan ba sa wasa da kayan abinci, sai na tambaya tukuna.

Kafin a sa diga a ƙasa, ka auna da taku daga masai zuwa wurin, ka ɗauko mini hoto in gani. In bai kai taku 40 ba a matsa gaba. Kuma Auta, rasidi tukuna.

Wassalam,
Ƙaninka