Rahoton shekara na kungiyarmu ta masu kyankyasar kaji a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa, iyayenmu mata da matasa baki daya. Ga bayanin abinda muka yi bana, wanda bai samu zuwa zama ba sai ya karanta anan.

Zubin farko cikin hunturu muka yi shi kuma gaskiya ya bamu wahala, iska a bushe, ruwan da muke zubawa a kasan injin kyankyasar kafin gari ya waye ya kafe, 'yan tsaki da yawa sun fasa bawo amma suka makale suka mutu a ciki saboda fatar cikin kwan ta bushe ta manne musu a jiki. Ranar wlh ban iya cin abinci ba. Daga nan ne muka sayi ma'aunin danshi, yanzu muna rike shi 50 zuwa 55 cikin dari har kwana 18, daga nan a daina juya kwai a kara ruwa ya kai 65 zuwa 70, kuma dan Allah a bar bude murfi ana lekawa har kwana 21 ya cika. Da bazara kuma zafi ne ya so ya dafa mana kwai, injin zafin digiri 37.5 na ma'aunin Celsius yake bukata amma dakin kwano da rana ya wuce haka, sai muka mayar da shi dakin kasa. Matsalar dauke wuta alhamdulillah kudin wata-wata ya saya mana sola da batir, yanzu ba mai tashi tsakar dare yana lullube inji da bargo.

Toh amma abinda nake so mu tsaya a kai shine kwan da ake kawowa. Yawancin baragurbin da muka zubar bana ba laifin inji bane. Wani ya sayo kiret a kasuwa na kajin gidan gona wadanda basu taba ganin zakara ba ya kawo, wata ta tara kwai sama da sati biyu a daki mai zafi, wani ya wanke shi tas da ruwa yana ganin tsafta ce alhali ya cire masa kariyar bawo, sannan in bai kyankyashe ba ran kowa ya baci ana zargin mai kula da inji, bawan Allah da ko sisi ba a biyansa. Shi yasa kwamiti ya yanke daga yanzu kwan da ya wuce kwana 7 ba za a karba ba, kowa ya rubuta ranar da kaza ta yi shi da fensir a jiki, a ajiye shi bakin mai tsini a kasa. Ranar kwana 7 a inji za mu haska da tocila a gaban mai kwan, wanda ba jijiyoyin jini a ciki a mika masa abinsa.

Da damina mun zuba kwan zabi, shi yana kai kwana 26 zuwa 28, ya yi kyau sosai. Rigakafin Lasota (na cutar kaji ta Newcastle) da na cutar Gumboro mun hada kai mun yi wa kajinmu tare tunda kwalba daya ta yi wa mutum daya yawa.

Masu bashin wata-wata a taimaka a kawo wa ma'aji kafin zama na gaba, muna so mu kara batir kafin zafi ya shigo.

Sakatare