Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministar Al'adu da Yawon Buɗe Ido: ki dubi ruwan Matan Fada

Mai girma Minista, Barista Hannatu Musa Musawa,

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan Allah ya taya ki riƙon amanar da aka ɗora miki. Ni Bakabe ne, haifaffen Argungu, ɗan masunta jikan masunta, ko da yake ni alli na riƙe ba homa ba. Maganar ruwa ce ta sa na rubuto miki.

Tun da aka haɗe ma'aikatar yawon buɗe ido da taki a watan Oktoba na 2024 muke kasa kunne. Mun ji shirin Destination 2030 na tallata Najeriya ga duniya, mun ji burin da kika ɗauka na cewa fannonin da ke hannunki za su kawo wa tattalin arzikin ƙasa dala biliyan 100 zuwa shekarar 2030. Har ga Allah na yi murna. Da wuya a tallata Najeriya ga baƙon waje ba a ɗaga hotonmu ba: dubban maza, kowa da gorarsa da homarsa, sun ji ƙarar bindiga sun afka cikin Matan Fada, gulbin da ake bikin kamun kifi na Argungu. To amma ranki ya daɗe, a duk abin da nake ji ana faɗa, ana ta maganar mutanen da ke cikin hoton, da baƙin da za su zo kallo, da kuɗin da za su kashe. Ruwan da mutanen ke tsaye a ciki kuwa, ban ji wanda ya tsaya a kansa ba. Ruwan nan yana tafiya.

Ba sai na karanta miki tarihi ba. Kin san a 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa bikin kamun kifi don girmamawa, aka binne tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato a bakin gulbi. Kin san a 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Abin da nake son tuna miki shi ne, Najeriya ce ta kai sunan bikin da hannunta, kuma ƙasar da ta kai sunan al'adarta can ta ɗauki alkawarin kare ta. Wannan alkawari yau a kan teburinki yake. Ta yaya za a kare bikin kamun kifi idan ba a kare gulbin ba?

Bari in gaya miki yadda giwan ruwa ke zuwa hannun masunci, don wanda ya zo kallon sa'a ɗaya ba zai gane ba. Kifin da ake ɗagawa gaban sarakuna a ɗora a ma'auni, shekaru ya yi yana girma. Da damina gulbi kan cika ya malala cikin fadama, kifi ya bi ruwan ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su samu abinci da maɓoya. In kaka ta yi ruwa ya fara janyewa a hankali, sai su gangaro su taru a gurabe masu zurfi. Shi ya sa Sarkin Ruwa ke hana kowa jefa taru a Matan Fada har ranar biki. Giwan ruwa ba kamar tarwaɗa ba ce da za ta iya kwana cikin taɓo. Tana son zurfi, tana son ruwa mai sanyi mai numfashi. In gurbi ya cike da yashi, ruwan ya zama iya ƙugu, rana ta dafa shi, sai dai a fito da kurungu da ƙarfasa.

Abin da sauyin yanayi ke yi mana ke nan, kuma ta fuska biyu yake cin mu. Damina ta daina zuwa da tsarin da iyayenmu suka sani. Sai a yi mako biyu ko uku ba ɗigo, shuka ta yi yaushi, sannan a kwana ɗaya a zubo ruwan da ya kamata a raba wa wata guda. Ruwan ya sauka a kan ƙasar da aka sare itatuwanta, babu saiwar da za ta riƙe ta, ya kwashi rairayi ya zuba a gulbi. Wanda ya ga ambaliya a Satumba zai ce ai ruwa ya wadata bana. Ya dawo a Fabrairu ya ga yara na tsallaka inda da sai da kwale-kwale. Ambaliyar ce ta cike gurbin da zai riƙe ruwan rani, zafin da ke shigowa da wuri kuma ya shanye sauran.

Ba tatsuniya nake ba ki ba. A 2006 hukuma ta sanar da hana shiga kamun kifin saboda ruwa ya yi ƙasa ƙwarai. A 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya ci garuruwa da gonaki tun daga ƙasar Sakkwato har Kabi. Shekara takwas bayan haka, a farkon 2018, wannan madatsa ɗin dai, wadda aka gina don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, ta koma kashi 10 cikin 100, kuma masu kula da ita da bakinsu suka ce ƙarancin ruwan sama da cikewar yashi ne. Sai 2020, a watan Maris muka yi biki aka kama kifi mai kilo 78, ba mu gama murna ba damina ta zo ta shafe kimanin hekta dubu 450 na shinkafa a jihar Kebbi. Yau ƙishi, gobe nutso, a gulbi ɗaya. Kuma ke ba baƙuwar ruwan nan ba ce, ranki ya daɗe. Ruwan da ke sauka a ƙasar Katsina, ta Bunsuru da Gulbin Maraɗi, shi ne ke shiga Rima ya ratsa Sakkwato ya iso ƙofar gidanmu. Abin da ya sami sama shi ke samun ƙasa.

Na san ɗanɗanon rashin bikin nan. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, waina take toyawa. A kwana huɗun biki takan sami abin da ba ta samu a wata biyu, kuma daga cikinsa aka saya mini littattafan shiga sakandare. Ita ɗaya ce cikin dubbai. Akwai mai fura, mai tsire, ɗan kabu-kabu, mai kwale-kwale, maɗinki, makaɗan dambe da na kokawa, magidancin da ke kwashe iyalinsa zuwa ɗaki ɗaya ya ba baƙi hayar sauran. Da aka yi kusan shekara goma ba a yi bikin ba kafin 2020, na ga yadda garin ya yi sanyi. Masauki ya zama gidan jemage. Samarin da ya kamata su gaji kabanci, masu kamun agwagwar ruwa da masu lalube da hannu da masu ninƙaya da tulu a ka, suka tafi cirani. Wasu ba su dawo ba. A waccan karon rashin tsaro ne babban dalilin da aka bayar, kuma da hankula suka ɗan kwanta an buga ganga mutane sun taru. In ruwa ne ya hana, wace ganga za a buga?

Ki dubi abin ta fuskar kasuwa ma, tunda lissafin dala ake yi. Baƙon da zai taso daga Ingila ko Jamus ko Amurka, kai ko daga Legas, watanni kafin tafiya yake yankar tikiti ya nemi hutu a wurin aiki. Yana son a ce masa rana kaza, kuma ranar ta tabbata. Bikin da ranarsa ta dogara ga ko akwai ruwa ko babu, kamfanin shirya tafiye-tafiye ba zai sa shi a jadawalinsa ba. In ya zo sau ɗaya ya tarar da taɓo da zafin Maris da ke haura digiri 40, ba rumfa ba ruwan sha, ba zai sake zuwa ba, kuma zai gaya wa goma.

Ba zan ɗora wa sama komai ba, don mu ma da hannunmu a ciki. Madatsun Bakolori da Goronyo sun sauya yadda ambaliya ke shiga fadama tun kafin a fara maganar ɗumamar duniya a gidajen rediyo. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, injinan ban ruwa suka cika bakin gulbi, kuma ba zan ce manomi ya bar gonarsa don ɗan kallo ya ji daɗi ba, ni ma shinkafar nake ci. Akwai masu taru mai ƙananan idanu da ke kwashe kifi tun yana ɗan yatsa. Akwai mu masu girki da itace da gawayi. Amma jakin da aka riga aka yi wa kaya fiye da kima, shi ne ƙarin dami ɗaya ke durƙusarwa. Sauyin yanayi ne ƙarin damin, kuma kowace shekara nauyinsa ƙaruwa yake.

Na san amsar da za a shirya miki in wasiƙar nan ta iso ofis. Za a ce madatsa ta ma'aikatar albarkatun ruwa ce, itatuwa na ma'aikatar muhalli ne, biki kuma na gwamnatin jiha ne da masarauta. Duk gaskiya ne, kuma ta haka ne gulbin ya zama maraya, kowa na da rabo a cikinsa ba mai goyonsa. Ke ce kike sayar da hotonsa ga duniya, saboda haka ke ce kika fi kowa hujjar yin magana. Kina zama a majalisar zartarwa tare da ministocin nan duka. Akwai dokar sauyin yanayi da aka sa wa hannu a Nuwamba 2021, wadda ta kafa majalisa guda don irin wannan aiki da ya ratsa ma'aikatu. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700, da aka ware don farfaɗo da ƙasa da magudanan ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ba sabon asusu nake roƙo ba. Ina roƙon wanda zai ɗauki sunan Matan Fada ya shiga da shi ɗakunan da ake raba waɗannan ayyuka.

Don girman Allah, ranki ya daɗe, ki sa a auna gulbin. A san zurfinsa a kowane wata, a san yawan yashin da ke shigowa, a buga sakamakon kowa ya gani. A yashe guraben da suka cike, amma da shawarar Sarkin Ruwa da dattawan masunta, don su suka san inda kifi ke kwana, kada ɗan kwangila ya zo da katafila ya rushe maƙwancin da ya rage. A zauna da hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima a yi yarjejeniya a rubuce kan lokacin sakin ruwa daga Goronyo da yawansa, yadda mai shinkafa da masunci da mai biki kowa zai san rabonsa tun kaka. A dasa itatuwa a gaɓar gulbi, a ba mutanen gari amanar rainonsu da ɗan abin hasafi, don dashen da ake yi ranar taro a watse mun ga ƙarshensa, awaki ke cinye shi kafin sati. In ma ya kama a matso da ranar bikin baya zuwa lokacin da ruwa bai janye ba kuma zafi bai sauka ba, a tattauna da masarauta. Bikin da aka fara don karɓar baƙo ba zai ƙi sauyin da zai sa baƙo ya ci gaba da zuwa ba.

Ba mu kaɗai ba ne, na sani. A Dagona ta ƙasar Bade, inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu har mijin Sarauniyar Ingila ya zo kallonsu a 1989, kacala ta toshe hanyoyin ruwa. A Maiduguri, da madatsar Alau ta ɓalle a Satumba 2024, fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin gidan zoo na Sanda Kyarimi suka halaka, ban da rayukan mutane da dukiyarsu. Tafkin Chadi kuwa kowa ya san yadda ya koma tun bayan farin 1973 da na 1984. Mutanen can za su faɗi nasu da bakinsu, sun fi ni sani.

Nawa roƙon na ƙarshe ƙarami ne. Ki zo Argungu a watan Afrilu, lokacin da babu rumfar manyan baƙi, babu algaita, babu 'yan jarida. Ki gai da Mai Martaba Sarkin Kabi, ki shiga gidan tarihi na Kanta in kina so, sannan ki ce a kai ki bakin Matan Fada da tsakar rana. Ki sa a kira miki tsofaffin masunta uku ko huɗu, ki tambaye su inda ruwa ke kaiwa a wannan watan lokacin da suke samari. Za su taka da ƙafa su nuna miki wurin, ki auna tazarar da idonki.

Wassalam.

Naki,
Wani malamin makaranta, ɗan masunta,
Argungu, Jihar Kebbi